Gicci: Kwana Uku a Gonakin Ƙasar Minjibir

Dalilin wannan tafiya tawa zuwa ƙasar Minjibir abu biyu ne, ɗaya na wajibi, ɗaya na neman sani. Na wajibin shi ne sada zumunci, gama kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda shi kaɗai ya rage a ɗakinsu, ya daɗe yana aiko mini cewa shekaru sun tura, in ina da niyyar zuwa in zo tun idonsa yana shaida mutane. Na neman sanin kuwa ya samo asali ne daga wata muhawara da ta ɓarke tsakanina da wani abokin aikina a makarantar da muke koyarwa a Zariya, wanda ya kafe a kan cewa babu abin da ya daƙushe manomin ƙasar Hausa kamar wannan al'ada ta cakuɗa gero da dawa da wake da gyaɗa cikin gona guda, alhali kuwa, a faɗarsa, duk ƙasashen da suka ci gaba kowane iri filinsa daban, motar noma ta shiga ta fita ba abin da ya tare ta. Zuciyata ta ƙi maganarsa, amma da ya nemi hujja sai na tarar ba ni da ita, domin ni ma abin da aka koya mini ke nan tun a lambun firamare, inda ake ja mana igiya a ce nan fegin gyaɗa, can fegin masara, kada a kuskura wani ya shiga cikin wani. Saboda haka na ƙudura cewa in Allah ya kai ni wurin Kawu ba zan tsaya ga gaisuwa kaɗai ba, sai na bi shi gona na tambaye shi dalilin kowane rami da ya sara.

Na bar Zariya ranar wata Alhamis da sassafe, a ƙarshen watan Agusta, marka ta fara sassautawa, ko'ina ka duba kore shar. Abin da ya fi yawa a gefen hanya masara ce zalla, ta yi goyo, ganyenta har ya yi duhu don ƙoshin taki, sai na ce a raina lalle abokina yana da abin da zai nuna. Amma a kan wannan hanya ce ƙauyen Doka yake, kuma sunansa ya tuna mini da abin da na karanto a Samaru kafin in taso. Cibiyar binciken aikin gona da ke can an kafa ta tun 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma shekaru da yawa nasihar da malaman gona ke kai wa ƙauyuka ita ce a ware kowane iri daban, musamman auduga da gyaɗa waɗanda ake fita da su ƙasashen waje. Manoma kuwa suna jin nasihar, su yi godiya, in damina ta faɗi su koma ga abin da suka gada. Wajen 1966 da 1967 sai wani Bature masanin tattalin arziki, David Norman, ya ga ya kamata a binciki dalilin wannan ƙi kafin a kira shi taurin kai. Ya zaɓi ƙauyuka 3, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ya zaunar da malamai a cikinsu shekara guda cur suna rubuta sa'o'in da kowane gida ya yi a gona da abin da ya samu. Da aka tattara lissafi sai ya bayyana cewa, ko da yake kowane iri in an haɗa shi da wani ba ya bayar da yawan da zai bayar in shi kaɗai ne, jimillar abin da eka guda ke fitarwa ta fi daraja a gonar haɗi, wahalar da aka sha a watannin Yuni da Yuli, lokacin da noma ke shaƙe kowa, ta fi biya, kuma abin da ake samu bai cika hawa da sauka daga shekara zuwa shekara ba. Ya buga wannan a 1974. Abin ya faranta mini rai, amma ya kuma sa ni tunani, cewa sai da baƙo ya zo da alƙalami sa'an nan mu 'yan boko muka yarda iyayenmu suna da lissafi.

Muka wuce Kwanar Ɗangora, muka ratsa fadamun shinkafa na Kadawa da Kura, muka shiga Kano da azahar. Ban zauna ba. Na yi salla, na nufi Yankaba, na sami motar Gezawa. Tun daga Jogana ƙasa ta sake kama. Nan babu daji ko kaɗan, babu saura, gona ce jingine da gona har iyakar gani, an raba su da cediya ko gamba ko jerin lalle, ga kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo tsaye a tsakiya, ƙasar kuwa jigawa ce, rairayi mai haske wanda in baƙo ya gani sai ya ce ba zai haifi kome ba. Amma wannan yanki na kewayen Kano yana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, kuma kaka da kakanni ake noma waɗannan gonaki kowace shekara ba hutu. A nan ba ka ganin iri ɗaya shi kaɗai sai jefi-jefi. Gero ya nuna, zangarniyarsa ta sunkuya, dawa tana tsakaninsa ba ta ko fitar da kai ba, a ƙasa kuwa wani kore ne daban yake rarrafe.

Na sauka ƙauyensu Kawu da la'asar sakaliya. Bayan an gama gaisuwa da tambayar mutan gida ɗaya bayan ɗaya, da ta'aziyyar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya tun rabona da garin, sai aka kawo mini tumu mai zafi, wanda aka gasa yanzu-yanzu, na murza shi a tafin hannu na hure, na watsa a baki, ƙanshinsa ya mayar da ni shekarun ƙuruciya. Kawu ya ce, “Ci, ɗana, wannan shi ne ya fid da mu kunya. Rumbu ya yi ƙasa tun watan jiya.”

Washegari bayan sallar asuba, da gari ya waye, muka kama hanyar gona, shi a gaba da 'yar fartanyarsa a kafaɗa, ni a baya raɓa tana jiƙa mini ƙafar wando. Gonar ba ta da girma, domin gado ya rarraba ta tsakanin 'yan'uwa har sau biyu tun zamanin kakanmu. Da na tsaya a bakinta abin da na fara gani cunkus ne kawai, amma da ya kama hannuna ya tsayar da ni a kan wata kunya ya ce in miƙa idona gabas, sai na ga kunyoyin sun tafi sambal, gyaɗa tana bisansu. Ya juya ni kudu, sai na ga gero da dawa su ma a jere suke, layinsu ya gitta kunyoyin, tsakanin layi da layi taki da yawa. Ya ce wannan shi ake kira gicci, kuma hikimarsa ita ce hatsi ya sami wurin tsayawa ba tare da ya rufe wa na ƙasa rana ba. A ɗaya ɓangaren, inda babu gyaɗa, hatsin ya fi matsuwa, wake ne a tsakaninsa, ɗan ƙarami, kamar wanda aka manta da shi.

Na ce, “Kawu, wannan waken ai inuwa ta danne shi. Ba a cuce shi ba?”

Ya yi murmushi ya ce, “Haƙuri yake yi, lokacinsa bai zo ba.” Sa'an nan ya warware mini tsarin shekarar tun daga farko, ni kuwa zan faɗe shi yadda na fahimta. Da ruwan fari ya sauka ake shuka gero, wani lokaci ma a binne shi tun ƙasa tana busasshiya, domin shi mai sauri ne, wajen wata 3 ya isa girbi, kuma shi ne ke tarar gida a daidai lokacin da abincin bara ya ƙare. Bayansa kaɗan sai dawa, farfara ko kaura, wadda ba ta gaggawa, tana kafa saiwa mai zurfi tana jira. Gyaɗa ta biyo. Wake kuwa sai an yi noman firi, ruwa ya zauna sosai, sa'an nan a bi tsakanin hatsi da shi, ta yadda maimai guda zai wadatar da kowa. Idan an girbe gero aka kwantar da karansa, sai gona ta buɗe, rana ta sauko har ƙasa, dawa ta miƙe da ƙarfinta, wake kuma ya yi yaɗo ya lulluɓe ƙasa, ya hana ciyawa fita, ya tsare sauran danshi. Irin da ake kira kanannado ba ya fure sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina, ko da yaushe aka shuka shi, saboda haka yana nuna da raɓa da ɗan laimar da ta rage, bayan ruwa ya ɗauke. Ɗan ila kuma ya riga shi, shi ake fara roro. Watau gonar nan guda ɗaya ana girbinta sau 4 ko 5, daga Agusta har Nuwamba, kowane iri da sa'ar da yake cin rana da ruwa, kowanne da zurfin da saiwarsa ke kaiwa.

Game da hatsari kuwa bai yi doguwar magana ba, gama ya ga fari na 1973 da idonsa, ya kuma ga annobar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, wadda darɓa ta yaɗa, ta durƙusar da noman da ya gina dalar gyaɗa a Kano. Ya ce a wannan shekara waɗanda suka biye wa kuɗi suka zuba gyaɗa zalla sun kwana da yunwa, mahaifinsa kuwa, Allah ya jiƙansa, da yake bai taɓa barin gicci ba, ya rasa gyaɗar amma ya ɗaure dawa. “In ruwa ya yanke da wuri, gero ya riga ya tsira. In ya yi latti ya daɗe, dawa da wake su ci. Ban taɓa ganin shekarar da duka suka mutu tare ba, sai dai in Allah ya ƙaddara.”

A nan ne na ga damar in ba da nawa ɗan abin da na sani. Na nemi izini na durƙusa gindin wani wake, na sa hannu na tone rairayin a hankali don kada saiwar ta tsinke, na ɗago shi na kakkaɓe. Jikin saiwar cike yake da 'yan gudaji-gudaji, wasu kamar ƙwayar dawa, wasu sun ɗan fi. Na sa farce na tsaga ɗaya, sai ga cikinsa ja-ja, kamar tsokar nama ɗanye. Kawu ya karɓa ya kai kusa da idonsa ya daɗe yana dubawa. Ya ce shekara fiye da 60 yana ganin waɗannan gudaji, har yana zaton wata 'yar cuta ce marar lahani, bai taɓa fasa ɗaya ba. Na bayyana masa cewa cikin kowane guda akwai wasu halittu ƙanana waɗanda ido ba ya gani, masana suna kiransu bakteriya, sun ƙulla amana da wake da gyaɗa da gurjiya da waken suya da yawancin danginsu: shuka tana ciyar da su daga abin da ganyenta ya sarrafa, su kuma suna kamo wani sinadari daga iska, mai suna naitirojin, su mayar da shi abincin shuka. Wannan sinadari shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, amma gero da dawa da masara ba su da ikon ɗibarsa daga can, kuma shi ne dai abin da manomi ke saye da tsada cikin buhun yuriya. Wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar da wannan al'amari a 1886. Jan da ke ciki alama ce ta cewa aiki yana gudana. In aka tarar fari ko kore, to babu abin da ake kamowa. Kawu ya jinjina kai ya yi tasbihi, ya ce, “Ashe abin da ya sa ke nan gawo ma yake gyara ƙasa?” Na ce ƙwarai, gawo ɗan wannan dangi ne, ga shi kuma Ubangiji ya hore masa zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke rufe shuka da inuwa.

Sai na ci gaba da cewa, ashe ke nan wake yana shayar da geron da ke kusa da shi. Nan Kawu ya tsayar da ni. Ya ce shi bai san bakteriya ba, amma abin da ya jarraba shi ne, geron bana ba ya cin albarkar waken bana sai kaɗan. Wanda ke ci shi ne na baɗi, kuma ko shi ɗin da sharaɗi. Ya ce in biyo shi gida in ga sharaɗin.

Bayan gidan akwai turaku, awaki 6 da tumaki 3 da jaki guda, duk a ɗaure domin damina ce, ƙarƙashinsu kuwa taki ya taru, yana ta tururi. Ya nuna mini rufin ɗaki da reshen wata tsamiya inda ake jibge harawa da kaka. Ya ce in an gama roro, ana naɗe ganyen wake da na gyaɗa tun suna da sauran kore, a ɗora sama, su ne abincin dabbobin nan har ƙarshen rani, haɗe da karan dawa da dusa. Abin da suka kasayar, da tokar murhu da sharar tsakar gida, shi ake kwasa a mangala da bazara a kai gona, a zuba tsibi-tsibi. Da na koma ga littattafai daga baya na tarar maganarsa ita ce ta masana: mafi yawan abin da wake ya kamo daga iska yana tafiya cikin ƙwayarsa da ganyensa, abin da ke saura a saiwa da ganyen da ya kaɗe kaɗan ne. Idan aka sayar da ƙwayar, aka kuma sayar da harawar, to ƙasa ba ta ga kome ba sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Hanyar da albarkar wake ke bi ta komo gona ta cikin tumbin akuya take. Wannan kuwa shi ne abin da ya fi damun Kawu a yanzu, domin harawa ta yi kuɗi a birni, masu kiwon ragunan layya suna biyowa har ƙauye da mota suna saye, matasa kuma, saboda matsin da ake ciki, ba su iya kau da kai. Ba na zargin wanda ya sayar don ya biya kuɗin magani ko na makaranta; amma wajibi ne a faɗa cewa duk damin harawar da ya hau mota ya nufi Kano, wani yanki ne na ƙarfin gonar ya tafi, kuma buhun kamfa da za a saya a maye gurbinsa, tun daga tashin farashin 2022 da cire tallafin man fetur a 2023, ya fi ƙarfin mafi yawansu.

Ranar Asabar na ba da ita ga babban ɗan Kawu, taubashina, wanda ya karɓi wani yanki na gonar yana yin nasa tsari. Ba nisa da su, a Wasai, akwai gonar gwaji ta cibiyar IITA, wadda hedkwatarta ke Ibadan tun 1967, ta kuma buɗe reshe a Kano a 1990 musamman saboda wake, kasancewar Nijeriya ce ta ɗaya a duniya wajen nomansa, Nijar tana biye. Wani masani ɗan Indiya, B. B. Singh, ya yi shekaru a wannan reshe, kuma abin da ya burge ni game da aikinsa da na abokansa shi ne ba su ce wa manomi ya bar haɗi ba. Sun duba inda tsohon tsari yake da rauni, suka tarar waken da ke ƙarƙashin hatsi ƙwayar da yake bayarwa kaɗan ce ƙwarai, saboda inuwa, da ƙarancin gindi, da ƙwari masu cin fure da tsutsar da ke huda kwanso. Sai suka fito da tsarin layi 2 na hatsi, layi 4 na wake, a jere har ƙarshen gona, kuma hukumar KNARDA da wasu suka taimaka wajen kai shi ƙauyuka. Na shiga tsakiyar layukan taubashina na tsaya: dawa a dama, dawa a hagu, tsakani kuwa fili ne na wake mai tsayuwa, ba mai yaɗo ba, rana tana dukansa sosai, kwansonsa ya riga ya bushe, wasu har sun fara fashewa. Irin zamani ne mai nuna cikin kwana 60 zuwa 70, saboda haka a shekarar da ruwa ya kyautata yakan cire shi ya sake zuba wani a gurbinsa. Ya nuna mini fa'idar tsarin a aikace: yuriya ga dawa kaɗai yake sa wa, wake kuwa ɗan supa ya ishe shi, gama abin da gudajin nan ke bukata ke nan su yi aiki, feshi kuma, sau 2 ko 3, a kan wake kaɗai yake yi, ba ya ɓarnar magani a kan kara. In shekara ta juyo sai ya gusa da layukan, dawa ta hau inda wake ya tashi.

Wannan gusawa tana da wani amfani da ya shafi babbar abokiyar gabar hatsi, watau wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Na ga gonar wani maƙwabcinsu ta yi jawur da furenta, kyakkyawa a ido, dawar kuwa ta tsumbure kamar an ƙona ta. Gindi ɗaya yana zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, su kwanta a ƙasa fiye da shekara 10, ba su tsira sai sun ji wani ruwa da saiwar hatsi ke fitarwa, sa'an nan su manne mata su yi ta tsotso tun kafin su ɓullo sama. Saiwar waken suya da ta gyaɗa da ta wasu irin wake tana fitar da makamancin wannan ruwa, irin ya ruɗu ya tsira, ya rasa inda zai kama, ya mutu. Wake ma yana da tasa wuta-wutar daban, amma an sami irin da ba ta kama shi, kamar wanda Samaru ta fitar da sunan SAMPEA 10. Haka kuma a ƙarshen 2019 ta fitar da SAMPEA 20-T, wanda aka sanya wa kariya daga tsutsar kwanso ta hanyar sauya ƙwayar halittarsa, ana kuwa ta taƙaddama a kansa har yanzu. Taubashina ya ji labarinsa, bai kai ga shukawa ba.

Uba da ɗa ba su daidaita a kan wane tsari ya fi ba, kuma na saurari kowannensu. Ɗan ya ce buhunan waken da yake ɗauka daga ɗan yankinsa sun ninka na mahaifinsa, kuma tun da aka sami buhun nan mai ninki 3 wanda ke toshe iska ya kashe ƙwari ba tare da magani ba, yana iya ajiyewa sai farashi ya tashi ya kai shi kasuwar Dawanau. Uban ya ce gaskiya ne, amma tsarin ɗansa da kuɗi ake shiga cikinsa, kuɗin iri da na feshi, shekarar da aljihu ya bushe aka kasa fesawa a kan kari, tsutsa ce za ta yi girbin; kanannado kuwa ba ya tambayar ko kwabo, ko bai yi ƙwaya ba zai yi harawa. A ganina kowannensu ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya, kuma gidan ya fi zama lafiya da yake tsarin biyu suna cikinsa. Abin da su duka biyun suke tsoro shi ne maganin kashe ciyawa, wanda ya yi yawa yanzu saboda samari sun tafi birni kuma 'yan ƙwadago sun yi tsada: maganin da masara ke jurewa shi ke ƙone wake, saboda haka duk wanda ya dogara da shi tilas ya raba su. Sai a nan na gane cewa masarar zalla da na gani a hanyar Zariya ba duka ce aka zaɓa don ta fi ba. Wata rashin hannun noma ne ya haife ta.

Na tsallake sauran labarin Jumma'a da gangan don in kawo shi nan. Bayan mun sauko daga masallaci a Minjibir, da dare limamin ƙauyen ya zo gaishe ni, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, aka kawo ɗanwake da man gyaɗa da yaji, wanda matar Kawu ta kwaɓa da garin wake da na dawa da kuka da 'yar kanwa. Na ce a raina ga gonar nan ta biyo mu har cikin akushi, kuma masana abinci sun tabbatar cewa abin da hatsi ya gaza da shi na gina jiki wake ne ke cikawa. Hira ta kai mu ga zakka, na ce, “Allah ya gafarta Malam, mai gonar haɗi yaya zai yi da nisabi?” Ya amsa da cewa a mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo cikin Risala, gero jinsi ne daban, dawa jinsi ce daban, ba a haɗa ɗaya da ɗaya don a cika nisabi, wanda shi ne wusƙi 5, watau sa'i 300, wake kuwa yana cikin dangin da ake kira ƙuɗniyya, su ana haɗa su da junansu, abin da ruwan sama ya shayar kuma ushiri ake fitarwa. Ya ƙara da cewa saboda haka sau da yawa ƙaramin manomi yakan tara abin da zai ci shekara ba tare da ko ɗaya ya kai nisabi ba, amma bai san wani magidanci a garin ba da zai ɗaure dami bai aika wa almajirai da gwauraye nasu rabo ba, mata kuma in an gama roro sukan bar abin da ya kakkaɓe don masu kala.

Ranar Lahadi da hantsi na yi sallama. Matar Kawu ta ɗaure mini tumu a tsumma, da kwano guda na sabon waken taubashina. Kawu ya rako ni har bakin hanya, muna tafe yana tsayawa yana duba geron mutane, yana cewa wannan jibi za a girbe, wancan sai an ƙara mako. Na ba shi labarin abokin aikina da muhawararmu, ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, “Ka gaishe shi. Ka ce masa in Allah ya kai mu kaka, bayan an yanke dawa, ku zo tare. Za mu auna gero da dawa da wake da gyaɗa a gabansa, mu ƙirga damin harawa, ya rubuta da hannunsa. Amma ku zo kafin a saki dabbobi.” Na yi masa alkawari. Motar Gezawa ta tsaya, na shiga na ɗora ƙunshin tumun a cinya, shi kuwa ya juya ya nufi gona, domin akwai sauran maimai a gefen gyaɗa.